Kumfar tare zafi: a shimfiɗa bisa silin ko a fesa ƙarƙashin kwano?

Dan_Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Gida ne mai ɗaki uku da falo a unguwar Zariya ta Maradi, ginin bulo na santimita 15, rufin kwano. An gama rufi, silin na falanki ne za a buga amma ba a fara ba. Wasu sun ce a fesa kumfar nan mai kumbura a ƙarƙashin kwano, wasu sun ce a sayi farin allon polistiren a shimfiɗa bisa silin, akwai ma mai cewa har bango sai an sa. Buƙata dai kilima, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta riƙa samun hutu a Afrilu da Mayu, faktir na kuɗin wuta ta sauko. Wanne ya fi, kuma kauri nawa?

Injiniya_Gini:
Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka ta zo a kan gaɓa tunda ba a buga silin ba. Gida irin naka, ta sama mafi yawan zafi ke shigowa. Da tsakar rana a bazara kwano yakan kai digiri 70, iskar da ke kulle tsakaninsa da silin ta kai 55 zuwa 60, falanki na milimita 4 ko 5 kuwa ba abin da yake tarewa.

Kowane allo na kirki akwai lamba a ledarsa da ake kira lamda, ita ke nuna yadda zafi ke ratsa shi, kuma ƙarama ita ake so. Farin polistiren, wato EPS, irin wanda ake kewaye sabon firiji da shi, yana tsakanin 0.035 da 0.040. XPS, wani nau'in allon polistiren mai santsi, shuɗi ko kore ko ruwan hoda, 0.029 zuwa 0.035. Poliyuretan na feshi, wato kumfar nan mai kumbura, mai toshassun ƙwayoyi 0.022 zuwa 0.028. Na feshi mai buɗaɗɗun ƙwayoyi, mai laushi kamar burodi, bai fi farin allo ba. Ka raba kauri a mita da lamda, abin da ya fita shi ne ƙarfin tarewa, ana rubuta shi R. EPS santimita 5 yana ba da 1.3, poliyuretan santimita 5 kusan 2. Ka ga ke nan santimita 8 na farin allo ya kamo santimita 5 na feshi.

Ɗauki ɗaki mita 4 da 4, murabba'i 16. Saman silin digiri 60, cikin ɗaki 27, tazara 33. Silin tsirara yana sako kamar wat 1,850. Da EPS santimita 5 sai ya koma wajen wat 330. Da santimita 10, wat 185. Biyar ɗin farko su ke ɗaukar babban kaya, na biyu ƙari ne. Idan aljihu ya ba da dama ka sa 10, idan bai ba da ba kada ka sauka ƙasa da 5.

MaiSanyi_Mokoyo:
Lissafin nan na Injiniya a riƙe shi da kyau. Kilima mai doki ɗaya da rabi, BTU 12,000, ƙarfin sanyayawarta wat 3,500 ne, tana jan kuran, wato wutar lantarki, wajen wat 1,100. Idan silin kaɗai na zubo 1,850, fiye da rabin aikinta ya tafi a faɗa da rufi, ba a zo kan bango da taga da jikin mutane ba. Shi ya sa kwamfuresa ba ta tsayawa, tun azahar har bayan isha'i. Idan aka tare sama, ɗakin kwana mai wannan girma doki ɗaya, BTU 9,000, yakan ishe shi. Ga masu sola kuwa, raguwar faranti ce da batir. Tun da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar a Agustan 2023 mutane da yawa suka koma lissafin kowane wat.

Amma a sani, kumfa ba ta yin sanyi, tarewa kawai take. Ɗakin da ba kilima, idan aka kulle shi da dare, zafin da bango ya sha nan zai kwana. Sai an buɗe tagogi iska ta ratsa.

Kafinta_Bagalam:
Idan shimfiɗawa za a yi, ga yadda ake yi. Katakon silin a jera shi tazarar santimita 60. A yanka allo ya fi ramin da milimita 2 ko 3 don ya shiga da ƙyar, da wuƙa mai kaifi ko zarto mai ƙananan haƙora. Santimita 10 ɗin kada a sayo shi falle ɗaya, a yi biyar-biyar: na farko tsakanin katako, na biyu a kansa a gicciye, ya rufe katakon da mahaɗar na ƙasa. Duk inda ɗan yatsa zai shiga a cike da kumfar gwangwani, a bi mahaɗa da tef na alminiyam. Kusurwa da bakin bango nan ake ha'inci, don nan ne ma'aikaci sai ya kwanta rub da ciki kafin hannunsa ya kai.

Abu biyu da ake mantawa. Murfin ƙofar shiga rufi, shi ma a manna masa allo. Sannan iskar hadari: idan ta shigo ta ƙarƙashin kwano, allon da bai kai kilo biyu ba sai ta ɗaga shi ta tara a lungu guda, maigida yana ƙasa bai sani ba. A gicciya siririn katako a kai a buga shi. Ramukan iska na gefen rufi kada a toshe su, a sa musu ragar ƙarfe saboda jemagu da tsuntsaye.

MaiFeshi227:
Sannunku da aiki, amma ku bar ni in kare sana'a. Duk abin da Kafinta ya lissafa, yanka, cikewa, tef, dannewa, aikin neman toshe kafa ne. Feshi ba ya barin kafa tun farko. Yana bin lanƙwasar kwano, ya kama katako, ya rufe inda ƙurar hunturu ke shigowa, ƙarar ruwan sama ma ta ragu sosai.

Sinadari biyu ne a durom daban-daban, isosiyanat da poliyol. Inji ke ɗumama su ya haɗa su daidai wa daida a bakin bindiga. Ga rufinmu, kumfa mai toshassun ƙwayoyi ake so, nauyin kilo 35 zuwa 40 a kowace mita kubik. Ana fesa santimita 2 zuwa 3, a jira ya huce, a ƙara. Kada a wuce santimita 5 a tashi ɗaya, don yana fitar da zafi lokacin kumbura, idan ya yi kauri cikinsa yakan ƙone, har wuta yana iya kamawa. Kwano ya zama busasshe, ba ƙura, ba man da sabon kwano ke zuwa da shi. Da safe ake yi bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta ɗaga. A kan kwano mai zafi kumfar tana dahuwa kafin ta kama, bayan ƴan watanni ta saki.

Lissafin kaya: murabba'i 100 da kaurin santimita 5 mita kubik 5 ne, sau 35, kilo 175. A ƙara kashi ɗaya cikin biyar na ɓarna, a ce 210.

Injiniya_Gini:
Maigida, ban musa ingancin kayanka ba, wurin sa shi nake musu. Silin mai murabba'i 100, kwanon da ke kansa ya fi haka saboda gangare da lanƙwasa, ga kuma bangon kusurwa na gefe biyu da dole a fesa, in ba haka ba zafi ya zagayo ta can. Ka biya fili mafi faɗi da kaya mafi tsada, sannan ka shigar da ramin rufi gaba ɗaya cikin abin da kilima za ta ɗauka.

Na biyu, yoyo. Ƙusa ɗaya ta saki, ruwa ya bi tsakanin kwano da kumfa ya kwanta a kan katako, babu ɗigon da zai faɗo ya ba da labari. Ranar da za a canza falle ɗaya kuwa sai an yi ta kankara. A Ingila yanzu masu ba da bashin sayen gida da yawa ba sa karɓar gidan da aka fesa wa kumfa a rufi, don mai duba gida ba ya iya ganin lafiyar katako.

MaiFeshi227:
Ingila ruwa ne shekara, mu damina wata huɗu ce, sauran wata takwas katako na bushewa. Kuma ba a feshi sai an hau an duba kowace ƙusa, an watsa ruwa da tiyo an tabbatar. Ina za ka shimfiɗa allo a shago ko sito ko ɗakin kaji da ba silin?

Injiniya_Gini:
A nan kam na ba ka. Inda ba silin, feshi ne ko kwano mai kumfa a tsakiya. Amma gidan Malam akwai silin.

Lantarki_Sabongari:
Kafin ku rufe komai, a gama aikin wuta. Waya mai rigar PVC ba ta shiri da polistiren. Man da ke sa rigar laushi yana ƙaura zuwa cikin allon, sai ka ɗaga waya ka ga ta yi kwari a jikin allo kamar an ja zaren zafi, ita kuma rigar ta bushe ta fara tsagewa. Duk waya ta bi cikin bututu, bututun kuma ya hau saman allo ko a ɗaure shi jikin katako. Wayar da aka binne cikin abin tare zafi ba ta samun hucewa, ƙarfin da za ta iya ɗauka yana iya raguwa kusan rabi. Layin kilima da na hita su ne abin tsoro. Akwatin haɗi a bar shi a fili da murfinsa. Ƙwan da ake nutsawa cikin silin a sa LED, a bar masa sarari kewaye. Fanka kuma ƙugiyarta a katako ko ƙarfe, ba a falanki ba.

Dalibi_Tibiri:
Don Allah tambaya, tsohuwar katifa fa? Ai ita ma soso ce, kuma ga ta da araha.

Kafinta_Bagalam:
Ƙanena, rufa wa kanka asiri. Soson katifa yana shan ruwa, ɓeraye su yi gida a ciki, wuta kuma kamar ka zuba fetur.

Tsohon_Pompiye:
Tunda an ambaci wuta bari in tsaya a kai, don har yanzu ba wanda ya ba ta haƙƙinta. Duk waɗannan kumfa daga man fetur aka yi su, duk suna ci. Polistiren yana narkewa ya riƙa ɗigo da wuta, hayaƙinsa baƙi ƙirin. Poliyuretan yana fitar da iskar gawayi mai kisa da kuma sayanaid, mai barci ba ya farkawa balle ya nemi ƙofa. Gobarar benen Grenfell a Landan, ranar 14 ga Yunin 2017, mutum 72 ta ci, kuma rufin bango da kumfar da ke bayansa suna cikin abin da ya kai wutar sama.

Wanda aka rubuta wa mai jinkirta wuta ba ya nufin ba ya ci, yana nufin ashana ɗaya ba za ta tashe shi ba. A ma'aunin Turai A1 shi ne wanda ba ya ci sam, F na ƙarshe, farin allo mai magani yawanci E ne. Saboda haka tsakanin kumfa da mutane a sa abin da ba ya ci. Allon filasta na milimita 12.5, wanda ake kira BA13, ko silin filasta na zubi. Falanki siriri ba kariya ba ce, silin roba da polistiren a kansa kuwa shi ne mafi muni. Saman kicin kada a sa kumfa ko kaɗan.

Ranar feshi kuma, mai bindiga ya sa abin rufe fuska mai tace iska da tabarau da riga mai rufe jiki, ba ƙyallen hanci ba. Isosiyanat yana jawo asma. Iyali kada su shiga sai bayan awa 24, tagogi a buɗe.

Dan_Tasawa:
To idan haka ne me ya hana audugar gilas? Lamdarta ɗaya da farin allo, ba ta cin wuta, naɗi ce ana warwarewa, santimita 10 an gama. Illarta ƙaiƙayi wajen sawa, idan ta jiƙe ta kwanta, ɓera kuma yana son ta. A ganina saman kicin da hanyar wayoyi a sa ta, sauran ɗakuna a sa allo.

Baba_Magini:
Yaran nan kuna ta lamba. Soron ƙasa mai kaurin kamu biyu da rufin azara, wa ya taɓa sa masa kumfa? Da rana sanyi, zafin bai iso ciki sai dare ya yi, lokacin kowa na tsakar gida a tabarma. Bulo na 15 mai rami shi ya kawo mana wannan wahala. Kai mai gida, kafin ka kashe kuɗi a bango, ka dubi wanne ne ke kallon yamma. Ka dasa bishiyar bedi biyu a gabansa, ko ka fitar da baranda mita ɗaya da rabi.

Injiniya_Gini:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka dutse ce. Ƙasa ba ta tare zafi sosai, jinkirta shi take, kuma ga wanda ba ya kunna kilima wannan jinkirin ya fi masa. Bedi dai sai an ba shi shekaru, kuma a nisanta shi da tushen gini.

Game da bango, Malam Dan_Zariya, ba sai an bi gida duka ba. Kudu da arewa a bazara rana na wucewa ta samansu, ɗan fitowar rufi ya ishe su. Gabas zafin safe ne. Yamma ce matsala, daga ƙarfe biyu zuwa faɗuwar rana, lokacin da iska ma ta fi zafi. Ka dafa bangon yamma ta ciki da ƙarfe tara na dare, za ka ji shi kamar gefen tanda.

Ta waje ya fi, don bulon ya zauna a inuwa kada ya sha zafin tun farko. Allo santimita 4 ko 5, a manna da simintin manna tayil ko wanda aka yi domin haka, a ƙara ƙusoshin roba masu faɗin kai biyar ko shida a kowane murabba'i. A shafa siminti siriri, a nutsa ragar zaren gilas a ciki tun yana ɗanye, mahaɗar raga ta hau juna santimita 10, a sake shafawa, sannan fenti mai haske. Ba raga, shafen zai tsage daidai layin kowane allo. Kada a kusanto da gam mai ƙamshin fetur, ko tina, ko kwalta mai narkakken mai, nan take suke cinye polistiren. Idan ta ciki za a yi saboda katangar maƙwabci, to BA13 a kai dole.

Kafinta_Bagalam:
A ƙara da gara. Ba ta cin kumfa amma tana haƙa hanya a ciki, ta hau daga ƙasa har katakon rufi ba wanda ya gan ta. Allon bango ya tsaya santimita 15 zuwa 20 sama da ƙasa, a bar wurin a fili don idan ta ɗora hanyarta ta laka a gani. Layin ƙasa a sa XPS, shi ba ya shan ruwan da ke fantsama.

Hajiya_AliDanSofo:
Sannunku malamai. Duk maganarku ta masu kwano ce. Mai rufin dal fa, wato na kankare, wanda ba rami a sama?

Injiniya_Gini:
Hajiya, ranki ya daɗe, dal ya fi kwano riƙon zafi, har asuba yana sakowa. A kansa ake tarewa, ba a ƙarƙashi ba. A fara gyara gangare, santimita 2 a kowace mita zuwa indararo. A yi maganin yoyo ya bushe sarai. A jera XPS santimita 5, allonsa yawanci mita 1.25 da santimita 60 ne, baki na shiga baki. A shimfiɗa ƙyallen tace ƙasa, a zuba tsakuwa kaurin santimita 5 ko a jera falalen siminti don iska da rana. EPS bai dace a nan ba, ruwa na shiga tsakanin ƙwayoyinsa. A tabbatar dal ɗin zai ɗauki nauyin tsakuwar, wajen kilo 80 ne a murabba'i.

MaiFeshi227:
Ko a fesa santimita 4 a kan dal ɗin. Sharaɗi ɗaya, a shafe shi da fentin roba mai kauri cikin ƴan kwanaki. Ranar Maradi ba ta raga wa poliyuretan tsirara: ya yi rawaya, ya koma ruwan ƙasa, ka murza da yatsa ya zama gari.

MaiSanyi_Mokoyo:
Ba wanda ya ambaci farin fenti a kan kwano. Shi ne mafi araha, yana sauke zafin kwanon sosai, sai dai ƙurar hunturu na dusashe shi, a wanke kafin bazara. Ledar nan mai ƙyalli kuma da ake tallarta da cewa ta kai santimita 10 na kumfa, ba gaskiya ba ne. Tana aiki ne kawai idan fuskarta mai ƙyalli na kallon sarari na aƙalla santimita 2, kuma ta kalli ƙasa don kada ƙura ta kwanta mata.

Dan_Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Abin da na fahimta: EPS biyar-biyar bisa silin, silin ya koma filasta maimakon falanki, kicin audugar gilas, bangon yamma daga baya. Saura yadda zan gane allo mai kyau a kasuwa.

Kafinta_Bagalam:
Da sikeli. Allo mita 2 da 1, kaurin santimita 5, kada ya gaza kilo ɗaya da rabi, wato kilo 15 a mita kubik. Ka karya gefe ka duba: mai kyau ƙwayoyinsa a manne suke, wasu ma ta tsakiya suke tsagewa. Maras kyau kana shafawa yana zuba kamar gero. Ka danna da babban yatsa, idan ramin ya zauna ka bar musu kayansu.

MaiFeshi227:
Ni har yanzu ina kan bakana, allo sai hannun da ya sa shi ya yi gaskiya, kuma wa zai hau ya duba lungu? Wanda ya zaɓi feshi shi ma ga gwajinsa. Ya sa alama a ƙusa daidai santimita 5, ya soka wuri goma a kowane ɗaki. Ya sa a fesa a kwali, ya yanko santimita 10 ta kowane gefe, ya auna, giram 35 zuwa 40 ya kamata. Idan kumfar na danƙo bayan awa guda poliyol ya yi yawa, idan tana ɓarkewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli isosiyanat ne ya yi yawa. Duk biyun a kankare a sake, ba a rufe su da sabon feshi.

Lantarki_Sabongari:
Dubawa ba wuya. Malam ya hau da kansa da tsakar rana kafin a rufe ƙofar rufi, ko ya bi silin ta ƙasa da tafin hannu da ƙarfe uku. Inda aka tsallake zai ji shi da ɗumi.

Tsohon_Pompiye:
Kada ya hau da tsakar rana a Afrilu, digiri 60 ba wasa ba ne. Da safe da tocila, ya taka katako kawai, wani na tsaye a ƙasa.

Dan_Tasawa:
Injiniya, allon ya taɓa kwano a can bakin rufi inda suka matse, ko a bar rata?

Injiniya_Gini:
A bar santimita 5. EPS yana fara laushi wajen digiri 80, kwano kuma yana kusantar haka, sannan ta wannan ratar iska ke shiga ta fita. Idan wurin ya matse sosai a fere gefen allon a karkace, ko a sa audugar gilas a wannan layin.